Karatun ruhaniya: da wane littafi zan fara, kuma yaya ake yin sa?

Tambaya: Ni ɗan Katolika ne, ba na fashin Mas ranar Lahadi, ina kuma jan Rosari gwargwadon hali. Amma addu'ata ta zama kamar hadda, baki na motsi zuciya na wani wuri. Fada ya ce in riƙa karatun ruhaniya. Na sayi littattafai uku, kowanne na fara sai in ajiye kafin mako biyu. Da wanne ya kamata in fara, minti nawa zan riƙa yi, kuma a ina nake kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, salamar Kristi ta kasance tare da kai. Kuskuren farko yana nan cikin tambayarka, wato littattafai ukun nan. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Mayar da su kan kanta tukuna, ka ɗauko Bisharar Markus, ka ba ta minti 15 kowace rana a lokaci guda da ba ya canzawa, kada ka wuce ayoyi goma ko sha biyu a zama ɗaya.

Abin da ke kashe wa mutane wannan ibada shi ne suna yin ta da halin ɗan makaranta: a gama babi, a fahimci komai, a samu abin faɗa a taro. Nazari yana da nasa wuri, Ikilisiya ma tana son sa. Amma shi karatun ruhaniya saurare ne. Babban Taron Batikan na Biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, a takardarsa Dei Verbum ta 1965, sashe na 25, ya ce lalle addu'a ta raka karatun Littafi Mai Tsarki domin ya zama zance tsakanin Allah da mutum, ya kuma kawo maganar Waliyyi Ambros cewa in muna addu'a mu ke yi wa Allah magana, in muna karatu shi ke yi mana. To addu'ar da ta zama hadda galibi zance ne da mutum ɗaya ke ta yi shekara da shekaru. Wanda ba ya saurare, wata rana abin faɗa zai ƙare masa.

Game da littafin da za ka riƙe: Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, wato 46 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari. Yawancin na Hausa da ke yawo a kasuwa 66 ne. Buɗe jerin sunaye a farko ka duba ko akwai Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. In babu, ka nemi mai su sannu a hankali, domin ana karanta su a Mas, Sirak kuwa cike yake da shawarwari kan harshe, abota, bashi da zaman gida. Sai dai kada neman ya hana ka farawa, Bishara huɗu da Zabura suna cikin kowanne. Ka kuma yi karatun da harshen da kake kai kuka da shi in abu ya dame ka. Idan Hausa ce, to Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya da Hausa mai sauƙi, shi ya sa wani bugun zai ce Yohanna wani ya ce Yahaya. Ka riƙe bugu ɗaya, don kalmominsa su zauna maka a ka.

Ban ce ka fara daga Farawa ka miƙe har ƙarshe ba. Masu yin haka da yawa sukan ji daɗin Farawa da rabin Fitowa, sai su shiga ƙa'idojin hadayu a Littafin Firistoci, ƙarfinsu ya ƙare a nan. Markus babi 16 ne kawai, ayoyinsa ba su kai 700 ba, labari ne mai tafiya da sauri, kusan kowane sashe yana nuna Yesu yana yin wani abu da wani mutum. Da ayoyi goma a rana za ka kammala cikin wata biyu da 'yan kwanaki. Bayan nan kana iya komawa bin Bisharar da ake karantawa a Mas na ranar. Tsarin Lahadi yana zagayawa cikin shekara uku: shekarar A Matiyu, B Markus, C Luka, Yohanna kuma ya fi fitowa a lokacin Azumi da Ista. Amfanin wannan hanya shi ne ba kai ke zaɓe ba. Mai zaɓar wa kansa yakan koma kan ayoyin da ke lallashinsa kaɗai.

Hanyar karatun tsohuwa ce, da Latin ana kiranta lectio divina. Wanda ya tsara ta hawa huɗu shi ne Gigo na Biyu, shugaban wani gidan masu zaman zuhudu a Faransa a ƙarni na 12, kuma da abinci ya kwatanta ta: karatu shi ne kai loma baki, bimbini shi ne taunawa, addu'a ita ce jin ɗanɗano, natsuwa a gaban Allah kuma ita ce daɗin da ke ƙosarwa. Magabata sukan kwatanta hawa na biyu da tuƙar saniya, wadda takan kwanta a inuwa ta dawo da abin da ta ci ta sake taunawa. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ba da gaggawa take yi ba.

Bari mu bi ta da misali, Markus 10:46-52, labarin makaho Bartimawas.

Ka zauna a miƙe, a kan kujera ko tabarma, ba a kan gado ba. Yi alamar gicciye, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki da jimla ɗaya, ka yi shiru kamar minti ɗaya ko biyu har numfashinka ya daidaita. Sai ka karanta ayoyin bakwai da murya ƙasa-ƙasa, leɓe na motsi. Masu zuhudu na dā haka suke yi, kuma dalilin a fili yake: ido yana tsallake kalmomi, baki ba ya iyawa. A karon farko ka tambayi abu ɗaya kawai, me nassin ya faɗa? Yesu na fita daga Yariko, makaho na bara a bakin hanya, ya ɗaga murya yana kiran Ɗan Dawuda ya ji tausayinsa, jama'a suka tsawata masa ya yi shiru, ya ƙara ɗagawa. Yesu ya tsaya ya ce a kira shi. Ya yar da mayafinsa ya zabura. Yesu ya tambaye shi me yake so a yi masa, ya ce yana so ya gani. Ya samu ganin gari, ya bi Yesu a hanya.

Karanta karo na biyu, a hankali fiye da na farko. A wani wuri za ka ji kalma ko jimla ta riƙe ka, ko don ta yi maka daɗi ko don ta sosa maka inda ke ciwo. Tsaya nan. Wannan tsayawar ita ce zuciyar aikin duka, ita ce kuma mutane suka fi tsallakewa, don suna jin wajibi ne su kai ƙarshen shafi. Ba wajibi ba ne. Idan mayafin da ya yar ne ya riƙe ka, ka tauna shi: almajirin bakin hanya, mayafinsa shi ne shimfiɗarsa da bargonsa, makaho kuma in ya yar da abu cikin taro ba lalle ya sake samunsa ba. Me nake riƙe da shi haka, da ke hana ni tashi in an kira ni? Idan tsawar jama'a ce, ka tambayi kanka wa ke hana ka kira, ko kuwa kai ne ke tsawata wa wani. Idan tambayar Yesu ce, ka lura cewa a aya ta 36 ta wannan babi ya yi wa Yakubu da Yohanna irin tambayar nan, su suka roƙi manyan kujeru, makaho ya roƙi gani. Kai fa, da za a tambaye ka yau da safe, me za ka ce da gaske?

Daga nan addu'a takan taso da kanta, kuma gajera ce. Ka faɗa wa Allah abin da tunanin ya tono, da kalmominka, ko da kunya ce ko ƙorafi. "Ubangiji, ban ma san abin da nake so ba, ka nuna mini" addu'a ce cikakkiya. In kalmomi sun ƙare ka ji kana so ka zauna shiru kawai, ka zauna. Hawa na huɗu kyauta ce, ba a ƙago ta da ƙoƙari, ranaku da yawa ba za ta zo ba, hakan kuma ba ya nufin zaman ya lalace.

Paparoma Benedik na 16, a takardarsa Verbum Domini ta 2010, ya ce karatun bai kammala ba sai ya kai ga aiki. Waliyyi Faransis na Sales ya riga ya nuna yadda ake yi tun ƙarni na 17. Ya ce ƙuduri ya zama takamaimai, a kuma aikata shi a ranar. "Zan zama mai haƙuri" ba ta kai mutum ko'ina. "Yau idan maƙwabcin nan ya sake maganar iyakar gona, zan bari ya gama kafin in buɗe baki", wannan kam da dare za ka iya duba ko ka cika. Ya kuma ce kamar yadda mai yawo a lambu yakan tsinko 'yan furanni ya riƙa shinshinawa duk yini, haka za ka ɗauki jimla ɗaya ka tafi da ita. Rubuta ta a ƙaramin littafi tare da kwanan wata, layi biyu sun isa. Maimaita ta a kan babur, a layin banki, a bakin murhu.

In kana son rabon lokaci: minti biyu na shiri, huɗu na karatu, biyar na taunawa, uku na addu'a da shiru, ɗaya na ƙuduri. Wannan sandar makaho ce ta makonnin farko, daga baya hawan sukan shiga juna. Abin da ba a sassautawa shi ne tsawon zaman. Ka sa ƙararrawa ka ajiye agogon inda ba ka ganinsa, kada ka tashi kafin ta buga ranar da abin ya gundure ka, kada kuma ka zarce awa guda ranar da ya yi daɗi, domin wanda ya yi awa ɗaya ranar Litinin shi ne yakan yi fashi ranar Laraba. Bayan wata uku in zaman ya kafu, ka ƙara zuwa minti 20 ko 30. Da asuba ya fi ga yawancin mutane, kafin gida ya tashi kuma kafin a taɓa waya. Shi ya sa ma na fi son takarda a kan karatu a waya: saƙo ɗaya ya isa ya watsa abin da ka tara.

Yanzu sauran littattafan. Dokar Waliyyi Benedik ta ƙarni na 6, babi na 48, ta ce a farkon Azumi a ba kowane ɗan zuhudu littafi ɗaya, ya karanta shi bi da bi har ƙarshe. Ka ɗauki wannan ƙa'ida. Bayan Bishara ta zauna, kamar wata ɗaya, ka ƙara littafi guda na waliyyai, minti goma da yamma, shafi biyu ko uku.

Ga mai iyali da sana'a, na fi ba da shawarar littafin Faransis na Sales na 1609, wanda za ka samu da sunan Introduction to the Devout Life. Bishop ne na Janeba, kuma don mutanen gari ya rubuta shi, yana cewa ibadar mai sana'a da ta bawa da ta basarake da ta gwauruwa ba za su zama iri ɗaya ba, kowa da gwargwadon aikinsa. Kashi biyar ne. Na farko yana da bimbini goma da ke shirya mutum ga furta zunuban rayuwarsa gaba ɗaya, a yi ɗaya a rana. Na uku yana magana kan fushi, gulma, yanke wa mutane hukunci, abota da aure, shi ne kuma za ka fi komawa gare shi. Littafi na biyu da nake ba da shawara shi ne Koyi da Kristi na Tomas a Kempis, wato The Imitation of Christ, daga farkon ƙarni na 15. Babobinsa gajeru ne, na huɗu cikin littattafansa huɗu kan Jibi Mai Tsarki yake, wato jiki da jinin Kristi da ake karɓa a Mas, ya dace a karanta kafin Mas. Amma ka tuna don masu zuhudu aka rubuta shi. Inda ya ce a rage cuɗanya da mutane, magidanci ba zai ɗauka cewa an ba shi izinin ƙaurace wa matarsa da 'ya'yansa ko zumunci ba. A wurinka ma'anarsa rage zaman majalisa na banza.

Tarihin waliyyai yana da ƙarfin da wa'azi ba shi da shi. Ignatiyus na Loyola soja ne da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana jinya ya nemi labaran jarumai, ba a samu ba, aka ba shi tarihin Yesu da na waliyyai. Sai ya lura da wani abu: tunanin suna da ɗaukaka yakan yi masa daɗi a lokacin, ya bar shi a bushe daga baya, tunanin koyi da waliyyai kuwa yakan bar shi da farin ciki mai ɗorewa. Wannan ma'auni ne da za ka auna kowane littafi da shi: me ya bari a zuciyarka bayan awa biyu da rufe shi? Ka nemi tarihin Yusufina Bakita, wadda aka sace tana yarinya a Darfur aka sayar da ita baiwa, ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Ka nemi na Fada Tansi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana mai albarka a nan Najeriya a 1998. Akwai tarihin da Tereza ta Lisiyo ta rubuta na kanta, wanda aka buga a 1898, shekara ɗaya bayan rasuwarta tana da shekara 24. Salonsa na iya yi maka zaƙi da yawa a shafukan farko, ka daure, kashinsa na ƙarshe mai tauri ne. Furcin Waliyyi Agustin, ɗan ƙasar da yau ake kira Aljeriya, littattafai 13 ne: tara na farko labarin rayuwarsa ne, huɗu na ƙarshe falsafa ce mai nauyi, ba laifi ka tsaya a na tara a karon farko.

Yawancin waɗannan da Turanci ko Faransanci ake samun su. Ka zaɓi fassarar zamani, kuma bayan kowane sakin layi ka faɗa wa kanka ma'anarsa da Hausa. In ka kasa, ba ka gane ba tukuna, koma baya.

Wasu kuma a jinkirta su. Rubuce-rubucen Yohanna na Gicciye kan duhun dare na ruhu an yi su ne don waɗanda suka daɗe a hanya. Sabon shiga yakan karanta ya ɗauka gajiyarsa ko kasalarsa ita ce wannan duhun. Littafin atisayen ruhaniya na Ignatiyus kuma jagora ne na mai bi da wani, ba na karantawa kai kaɗai ba. Kafin ka sayi littafin da ba ka san marubucinsa ba, duba bayan shafin farko ko akwai Nihil obstat da Imprimatur, alamar cewa hukumar Ikilisiya ta duba ba ta ga kuskure a koyarwar bangaskiya ko ɗabi'a ba. Ba shaida ce cewa littafin ya yi kyau ba, amma kariya ce. Ka yi nesa da ƙasidu da saƙonnin WhatsApp masu cewa an yi wa wane wahayi, a tura wa mutum goma ko masifa ta sauka. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, sashe na 67, ya bayyana cewa ko wahayin da Ikilisiya ta amince da shi ba ya cikin ainihin abin da aka wajabta gaskatawa, balle wanda ba a san asalinsa ba.

Matsalolin da za ka tarar sanannu ne. Barci yawanci daga lokaci ne ko yanayin zama, ka canza su, ko ka karanta a tsaye. Watsewar hankali kuwa ba wanda ya tsira daga gare ta. Tereza ta Abila ta faɗa da kanta cewa shekara 18 ba ta iya fara addu'a ba tare da littafi a hannu ba, sai dai bayan karɓar Jibi. Kada ka bi tunanin da gudu kana faɗa da shi, ka mayar da ido kan jimlar da ka tsaya a kai, ko sau ashirin ne. Idan tunani ɗaya ne ke ta dawowa, bashi ko rashin lafiyar yaro ko wani da ya ɓata maka, to ka daina korarsa, ka sa shi cikin addu'ar, domin yana nuna maka inda zuciyarka take. Katekisim ya yi wannan bayani a sashe na 2729, kashinsa na huɗu gaba ɗaya ma kan addu'a yake, ya cancanci karatu.

Bushewa, wato rashin jin daɗin komai a addu'a, ita ce ta fi kayar da mutane, sau da yawa wajen mako na biyun nan da ka ambata, lokacin da ɗokin sabon abu ya wuce. A nan ne mutum yakan ce littafin ne bai yi ba, ya sayi wani. Ignatiyus ya ba da ƙa'ida: a lokacin bushewa kada a canza shawarar da aka yanke lokacin haske. Ka duba abu uku. Ko jiki ne, rashin barci ko yunwa ko zazzaɓi. Ko akwai zunubin da kake riƙe da shi ko wanda ka ƙi yafe wa, wanda maganinsa zuwa furta zunubi wurin Fada. In ba ko ɗaya, ka ci gaba da zama minti 15 ɗinka, ka koma kan Zabura, musamman ta 42 da ta 63 masu maganar ƙishin Allah, domin sun ba ka kalmomin da ka rasa. In kuwa karatun yana jefa ka cikin tsoro, kana ganin zunubi a kowane motsi har ka kasa karɓar Jibi, ka ajiye littattafan da ke tsananta maganar hukunci, ka gaya wa Fada ɗaya, ka tsaya kan shawararsa, kada ka yi ta zagaya wurin wannan da wancan.

Aya mai wuya kuma, ka sa mata alama da fensir ka wuce, ka kai wa Fada ko katekis ranar Lahadi. Kada ka gina sabuwar koyarwa a kan aya ɗaya da ka fahimta kai kaɗai. Ranar da ka yi fashi, kada ka rama da ninki, ka ɗora daga inda ka tsaya.

Idan a gidanku akwai wanda bai iya karatu ba, wannan ibada ba ta wuce shi ba. Waliyyi Antoni na Masar jin Bishara ya yi ana karantawa a coci, rayuwarsa ta juya. Mutum ɗaya ya karanta sashen sau biyu da ƙarfi, a yi shiru minti uku, kowa ya faɗi kalmar da ta riƙe shi ba tare da sharhi ko gyara wa wani ba, a rufe da Ubanmu. Ana iya yin haka a gida sau ɗaya a mako, ko a taron zumunta, muddin ba a bar shi ya koma wa'azin mutum ɗaya ba.

Bayan wata uku ka buɗe ƙaramin littafin nan naka ka karanta daga farko. Za ka ga kalmomi biyu ko uku suna ta maimaituwa, ka ga kuma ƙudurorin da ka cika da waɗanda kullum kake kaucewa. Waɗannan ka ɗauka ka kai wa Fadan da ya ba ka shawarar tun farko, daga nan ne zai san littafin da ya dace ka ɗauka na gaba.